Rigar Tahira

Tsakar gidan Zakariya'u a Jiratawa ya cika da shanya. Duk abin da matarsa Tahira ta taɓa sawa a duniya yana rataye a igiya yana ɗigar ruwa: zannuwa, riguna, kallabi, zanen gado, har majanyin da take goyo da shi. Jiya aka kai ta makwancinta, yau tun da farar safiya matan unguwa suka taru suka wanke kayanta, yadda ake yi wa kayan mamaci kafin a ɗaure su. Da zuciya ɗaya suka yi, ba su yi rowar sabulu ba. Matan Jiratawa in suka tashi yi maka alheri ba sa tsayawa tambayar ko kana so.

Salima, yayar marigayiyar, wadda ta zo daga Tsibiri, tana zaune a bakin ƙofa da jaririn da aka bari, Muhammad Auwal, wanda ko zama bai fara ba. Nono dai tana da shi, don ita ma goyo take yi. Amma tun ranar da sanƙarau ya kayar da uwarsa aka tafi da ita asibiti a Maraɗi, yaron ya ƙi kama na kowa. An gwada bibiro, kwalbar shayar da jarirai, ya ture. An ɗura masa da cokali, ya dawo da shi. Da farko ihunsa har maƙwabta yake tayarwa, yanzu kuwa sai ya buɗe baki muryar ta ƙi fitowa. Maɗigarsa ta faɗa. Tsoro ya cika Salima, don ta san inda wannan hanya take kaiwa.

Wata tsohuwar ungozoma da kowa ke kira Gwaggo ta duƙa ta daɗe tana kallonsa.

"Yaron ga ba nono yaƙ ƙi ba, ke yaƙ ƙi," in ji ta. "Jinjiri da hanci shike sanin uwarshi. Ki samu rigar da tac cire wadda ba a wanke ba, ki sa, ki rungume shi. In yaj ji guminta shina kamawa. Na gani ba sau ɗaya ba."

Matan da ke wurin suka juya suka dubi igiya. Duk sun riga sun wanke.

Zakariya'u ne ya yi magana daga inda yake tsugune, kansa a ƙasa. "Yaya, akwai guda. Wadda tat tahi da ita. Da munka isa sun sake mata ta likita, tata na can ɗakin."

"To me kake jira? Kira su!"

Ya fita zaure da tarho, ya jima, ya dawo. An ce masa ɗakin a kulle yake tun jiya, an ɗauke wuta ba a shiga tsabtace shi ba, kuma za a ajiye musu rigar. Salima ta goya yaron, ta hau bayan babur ɗin Zakariya'u. Suka ratsa gonakin zogale, suka shiga hayaniyar Sabon Gari, rana na dukan su. Duk hanyar hannunta na baya riƙe da tafin ƙafar yaron, tana jiran ta ji ya motsa.

Asibitin yana unguwar Zariya ta cikin Maraɗi. Wani attajiri mai fatauci tsakanin iyakoki ne ya gina shi sadaka ga mahaifiyarsa, kuma da yake shi ba ya yin abu kaɗan, har da na'ura mai tafiya da kanta ya sa aka sauke masa daga ƙasar waje. Ma'aikata na kiranta robo. Aikinta shi ne in aka fitar da mara lafiya ko gawa, ta shiga ɗakin ita kaɗai ta kashe ƙwayoyin cuta a gado da bango da kayan aiki.

Da suka isa an riga an dawo da wuta. A saman ƙofar ɗakin da Tahira ta cika jar fitila na ci, wani mutum mai farar riga, Inusa, wanda shi ke kula da na'urar, yana tsaye yana leƙe ta gilashi.

"Ku ne masu riga?" Ya faɗaɗa fuska. "Allah shi jiƙanta, shi ba ku haƙuri. Ku ɗan jira, yanzu a ƙare."

Salima ta matsa ta leƙa. Robon bai fi randa tsayi ba, yana tafiya a hankali a kan ƙananan tayu, da dogon hannu guda ɗaya. Daga bakin hannun wani haske ne ke fita, shuɗi mai ratsin shunayya, yana ɗan huci. A tsakiyar ɗakin kuwa, a kan ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa, ga rigar Tahira, atamfa mai ruwan ganye, an baza ta, an buɗe hannuwanta. Na'urar ta tsaya gabanta. Hasken ya bi wuyan rigar, ya gangara ƙirji, ya shiga hammata.

"Malam, mi yake yi mata?"

"Tsabtacewa, Hajiya. Filasma mai sanyi ake ce mishi. Wuta ce amma ba ta ƙuna, ko zare ɗaya ba ta taɓawa. Cuta dai take kashewa, da ita da duk wani wari."

"Wari?"

"Dut. Ko gumin shekara ne."

Salima ta kama mariƙin ƙofar da hannu biyu ta girgiza. "Buɗe! Don girman Allah ka tsai da shi!"

Inusa ya sha gabanta a firgice. Iskar ciki, in ji shi, tana cutar da ƙirji, balle ga jariri a bayanta, kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai na'urar ta gama. Ya kasa gane abin da ya yi wa matar nan. Ya shiga yi mata bayani da sauri, yana neman ta ga ƙoƙarinsa. Ƙa'ida ita ce a ƙone kayan wanda irin wannan ciwo ya kashe. Shi ne da aka ce dangi na son rigar ya je ya roƙi majo, babban ma'aikacin jinya, a bar shi ya sa robo ya bi ta don a iya ba su.

"Har juya ta na yi," in ji shi. "Cikin na hwara sa ya bi, don nan ne gumi ke zama. Wanga bayan ne yake yi yanzu."

Hannun Salima ya saki ƙofar. Ta juya ga mijin ƙanwarta.

"Zakariya'u, mi kac ce musu a tarho?"

"Na ce a aje muna rigar."

"Ka hwaɗi dalili?"

Ya dubi takalmansa. Ina zai iya? Namiji ya buɗe baki ya gaya wa wani ƙato da bai sani ba cewa gumin matarsa yake nema, kuma saboda ɗan fari, wanda ko sunansa ba ya kamawa a gaban mutane? An yi masa tarbiyya, ta kuma kama shi da kyau. Salima ta so ta zage shi, ta so ta shaƙe wuyan rigarsa, amma da ta dubi fuskarsa sai fushin ya mutu, baƙin ciki tsantsa ya maye gurbinsa. Babu mugu ko ɗaya a cikin maganar nan, shi ya fi ƙona mata rai. Da akwai, da ta sami wanda za ta tsine wa ta ji sanyi.

Jar fitila ta mutu, koriya ta kama. Robon ya fito a hankali, ya kauce wa ƙafar Salima, ya wuce lungunsa ya jingina da bango. Inusa, wanda yanzu ya gane komai, ya shiga ya ɗauko rigar, ya miƙa mata da hannu biyu, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ta kai ta hancinta. Ta shinshina wuya, ta shinshina hammata, ta juya ta ta bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Tahira mai son humra ce, kuma guminta na da ɗan tsami irin na mai shayarwa. Ba ko ɗaya. Abin da ke jikin atamfar wani ɗan ƙauri ne mai sanyi, kamar na iska bayan tsawa.

Duk da haka ta zauna a kan benci, ta juya wa mazan baya, ta zura rigar, ta sauko da yaron ta manna shi a ƙirji.

"Kama, ɗan ƙanwata. Ga innarka. Kama, don Allah."

Muhammad Auwal ya buɗe ido. Ya goga hancinsa a atamfar, ya juya kai dama, ya juya hagu, bakinsa a buɗe yana lalube. Leɓensa ya taɓa nonon, ya tsaya a kai jim kaɗan. Sannan ya kawar da fuska.

Majo ya iso, dattijo mai furfura a gemu. Ya taɓa maɗigar yaron, ya ja fatar cikinsa ya saki, fatar ta daɗe ba ta koma ba.

"Madam, yaron ga sai an sa mishi ruwa da tiyo ta hanci, yanzu-yanzu. Sauran kuma na Allah ne." Ya waiwaya. "Inusa, ina akwai gado?"

Inusa ya nuna ƙofar da ke buɗe da haɓarsa. "Sai wanga. Shi kaɗai ne a shirye."

Zakariya'u ya kasa shiga, ya tsugunna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hularsa. Salima ta shiga ita kaɗai da yaron, ta kwantar da shi a gadon da uwarsa ta cika. Ya juya kansa ya tura hanci cikin katifar, yana shinshina, yana nema. Ita ma robo ya riga ya bi ta. Majo na can yana warware tiyo. Salima ta tsaya a kansa cikin rigar Tahira tana kallo, har ya gaji ya daina nema.