Ɗan Farin Baraka a Hoton Shugaban Ƙasa

Kwana uku kacal aka ba mutanen Illela su kalli kayan tarihin marigayi tsohon shugaban ƙasa, kuma biyu sun riga sun wuce kafin Jaɓɓo ya taka ƙofar zauren da aka baje kayan. Ba kallo ya kawo shi ba. Mutumin da ke da shanu da gona a Lafani ba ya barin aiki don ya ga hular wani a cikin gilashi. Maganar 'yarsa Surayya ce ta kawo shi, kuma maganar ta riga ta tsaya masa a wuya.

Iyalan marigayin ne ke yawo da kayan, gari gari, duk inda ya taɓa ziyarta a zamanin mulkinsa. A kowane gari kuma sukan ɗauki yaro ɗaya su ɗauki nauyin karatunsa har ƙarshe. An yi jarrabawa, Surayya ta zo ta ɗaya, yarinyar da tun tana 'yar ƙarama take cewa likita za ta zama. Sharaɗi ɗaya ne ya rage, wato uban yaro ya kasance haifaffen wurin. Sai wani Attahiru, wanda ɗansa ya zo na biyu, ya rubuta takarda cewa Jaɓɓo mutumin ƙetare ne, daga Nijar ya shigo.

Abin haushin shi ne ƙaryar Attahiru tana da ƙafafun tsayawa. Jaɓɓo ɗan fari ne, kuma a gidansu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Yana da shekara shida aka kai shi wurin kakarsa a wata ruga bayan Ƙwanni, cikin Nijar, bai dawo ba sai da ya fara gemu, da Hausar can a bakinsa da kuɗin sefa a aljihunsa. Har yau a kasuwar shanu Jaɓɓo na Ƙwanni ake ce masa. Ubansa ya rasu, mai unguwar da ya san haihuwarsa ya rasu. Uwarsa Baraka tana nan da ranta, amma duk Lafani babu mahalukin da ya taɓa jin ta kira shi ɗanta. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta kamar yadda ta riƙe uwarta da kakarta. In ta so a ba shi abinci sai ta ce a miƙa wa wancan. Shi ma Adda yake ce mata, kamar yayarsa.

Hajiya Hanifa, wadda iyalan suka wakilta a kan maganar karatun, ba muguwa ba ce. Matar birni ce mai son komai ya zauna a layi, kuma ta gaya masa gaskiya tun ranar Juma'a da ya same ta a masaukinta.

"Malam Jaɓɓo, katin ɗan ƙasa ba zai wadatar ba tunda an yi ƙorafi. Ka kawo mini shaida guda mai ƙarfi kafin mu tashi ranar Lahadi da la'asar. In ba haka ba, dole in ba na biyu."

Ya zaga duk inda ƙafa za ta kai shi. Wanda ya sani ya mutu, wanda ke raye yana tsoron shiga rigimar da ba tasa ba. Ranar Lahadi da hantsi, ana ta kai shanu kasuwa, shi ya shigo zauren ba tare da komai a hannunsa ba, don kawai ya sake roƙo. Aka ce Hajiya ta fita, ya jira.

Jiran ne ya sa shi kallon abin da bai zo kallo ba. Ga allon da marigayin ya yi karatu da shi yana yaro, ga keken da ya hau zamanin yana malami, ga tabarau, ga wata tsohuwar rediyo. Aka jera hotunan matansa da 'ya'yansa da jikoki, kowa da sunansa a ƙasa. Wani hoto ya tsayar da shi. Shugaban ƙasa guda ne durƙushe a gaban wata tsohuwa, ta dafa kansa tana dariya. Jaɓɓo ya daɗe yana kallon hannun nan. Sai ya ji haushin kansa, ya matsa gaba.

A bango na ƙarshe ne ya ga ubansa.

Ya dafa bango. Ubansa ne, ba shakka, da malafarsa da sandarsa, yana miƙa wa shugaban ƙwaryar nono. A bayansa ga wata matashiyar mace mai zane a kumatu da gefen baki, ta kau da kai gefe. Wani yaro tsirara daga ƙugu zuwa sama ya damƙe mata gefen zane da hannu biyu.

Mai kula da kayan, wani dattijo Basakkwace mai suna Malam Maccido, ya matso da ya ga mutum yana neman faɗuwa.

"Lafiya, bawan Allah? Mi ya faru?"

"Malam, karanta min abin da anka rubuta nan ƙasa."

"An ce, marigayi tare da wani makiyayi da iyalinai, a Lafani ta ƙasar Illela."

"Wani makiyayi!" in ji Jaɓɓo. "Ubana ne. Wanga yaro ni ne. Wagga kuwa tana gida yanzu haka, tana tankaɗe."

Da Hajiya Hanifa ta dawo ta ji, ta dubi hoton, ta dubi Jaɓɓo mai furfura a gemu, ta ce yaron hoto dai kowa zai iya cewa shi ne. Amma in tsohuwar ta zo, aka ga ita ce, ta kuma faɗa da bakinta a ɗauka a waya cewa ita ta haife shi a nan, magana ta ƙare.

Malam Maccido ya yi gyaran murya. "Hajiya, ɗan fari ne fa."

"To, sai me? Ai ya fi sauƙi. Wace uwa ce za ta manta ɗanta na fari?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Jaɓɓo bai tsaya yi mata bayani ba, ya hau babur ya nufi Lafani kamar wanda ake kora.

A gida ma bai iya tunkarar uwar tasa ba. Ya tsaya bayan dangar, ya aika Surayya. Yana jin yarinyar tana magana da Fulatanci, tana roƙo, har muryarta ta karye. Can sai ga tsohuwar ta fito da mayafi da sanda, ta wuce shi kamar ta wuce turke, ta hau bayan babur ɗin maƙwabcinsu. Nasa ko kallo bai ishe ta ba. Shi ya ɗauki Surayya suka bi bayansu.

Azahar ta gota lokacin da suka iso. An fara kwashe kaya, wata babbar mota ta ja baya har bakin ƙofa, ana naɗe hotuna cikin barguna. Mutane kuwa sun cika zauren, don labari ya riga ya zaga kasuwa, Attahiru ma yana nan ya harɗe hannu. Aka kai Baraka gaban hoton. Ba a buƙaci dogon bincike ba. Zanen kumatun nan yana nan, tsufa ya tattare shi amma bai share shi ba.

Hajiya Hanifa ta ɗaga waya. "Mama, ke ce wannan?"

"Ni ce."

"Wannan mutumin fa?"

"Mai gidan ne."

"Sunansa?"

Malam Maccido ya raɗa wa Hajiya cewa ba ta faɗin sunan miji, a wuce wurin.

"To, wannan yaron da ya riƙe miki zane, wane ne?"

Baraka ta dubi bango. "Yaron gidan ne."

"Ɗanki ne?"

"Yara dai suna da yawa."

"Mama, dubi mutumin nan da ke tsaye. Ke kika haife shi?"

Baraka ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce, "Ku tambayi mutane."

Wani ya yi dariya daga baya. Attahiru ya buɗe hannuwa ya ce, "To, kun dai ji. Ni ban ce komi ba." Munafuki, shi da ya tashi cikin Fulani ya fi kowa sanin abin da ya ji.

Hajiya Hanifa ta sauke wayar, ranta a ɓace. "Malam Jaɓɓo, na yi iya ƙoƙarina. Sau uku ina tambayarta."

Malam Maccido ya ce, "Hajiya, wallahi wagga rashin amsa ita ce amsa. Da ɗan wata ne, da tuni ta ce ɗanta ne. Haka al'adarsu take."

"Na yarda da kai, Malam. Amma me zan kai wa waɗanda suka aiko ni? In ce musu ta ƙi faɗa, shi ya sa na tabbatar?"

Nan fa Jaɓɓo ya ga duniya ta yi masa ƙunci. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi shiru, karatun Surayya ya tafi a motar nan tare da barguna. In ya matsa, ya tsiraita tsohuwa a gaban 'yan kasuwa, ya sa ta yi abin da take ganin ya fi mutuwa muni. Shekara arba'in da tara bai taɓa roƙon ta komai ba, ko ruwan sha. Ya dubi Surayya, ta jingina da bango tana kuka ba sauti, ta cusa gefen hijabi a baki.

Ya durƙusa, ba a gaban uwar ba, a gefenta, yana kallon ƙasa.

"Adda," ya ce. "Ba don ni ba."

Ba ta motsa ba. Ma'aikata biyu suka zo suka kama hoton za su sauke, don shi kaɗai ya rage a bangon. Sai tsohuwar ta ɗaga sanda ta tokare shi.

"Ku bari."

Ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ɗora yatsa, ba a kan mijin ba, ba a kan shugaban ba, a kan ƙafar yaron.

"Ranan nan da safe ƙaya ta soke shi a nan. Bai yi kuka ba sai da ya ga babu kowa. Ni na cire ta da haƙorina, bayan bukka." Ta ɗauke yatsan. "Kwana tara bayan wanga hoto anka tafi da shi. Na bi su har bakin rafi, na ɓoye cikin gero kada a gan ni. Da ruwan sama na haife shi, a Lafani, daren Alhamis. Ni na haife shi. Ɗana ne."

Jaɓɓo yana durƙushe, bai san hawaye na zuba a gemunsa ba. Bai taɓa sanin ta bi su ba. Shi dai abin da ya riƙe tun yana yaro shi ne ya waiwaya ranar, bai ga kowa ba.

Hajiya Hanifa ta dubi wayar hannunta, fuskarta ta canza.

"Innalillahi. Mama, ki yi haƙuri, na riga na kashe. Ba ta ɗauka ba. Don Allah ki sake faɗa."

Jaɓɓo ya miƙe zumbur. Ya ga tsohuwar ta runtse ido kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi.

"A'a! Ya isa haka nan. Ba ta sakewa. Ku riƙe karatunku. Surayya, ki gafarta min, ɗauko ta mu tafi."

"Jaɓɓo."

Ya tsaya cik. Muryar ya sani, sunan ma ya sani, amma bai taɓa jin su tare ba.

"Jaɓɓo, zauna."

Akwai kujera a bayansa, bai gan ta ba. Ya zauna a ƙasa, a kan siminti, kamar yaron da aka tsawata wa. Baraka ta sauke mayafin daga fuskarta, ta juya ta fuskanci wayar, ta sake faɗa tun daga ƙaya har zuwa gero, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Wannan karon har da sunan.

Hajiya Hanifa ta sa hannu a takardar karatun Surayya tana share ido da bayan hannu. Malam Maccido ya ciro biro ya tambayi sunan makiyayin da ke hoton, ya ce in sun koma za a gyara rubutun. Jaɓɓo ne ya faɗa masa. Attahiru kuwa ba wanda ya ga fitarsa.

A waje rana ta yi sanyi, ana ta kora shanun da ba a sayar ba. Baraka ta mayar da mayafinta yadda yake, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hanya, ba ta dubi inda yake ba. Ta taɓa Surayya da sanda.

"Ce wa wancan ya kawo babur ɗinsa. Na gaji."

Jaɓɓo, da furfurarsa da komai, da gudu ya tafi ɗaukowa.