Cin Farko a Kan Ƙanƙara

Damina ta sake zagayowa Jethro bai sa fartanya a gonarsa ta ƙauyen Saminaka ba. Gonar tana bakin daji, dajin kuwa ya koma hannun masu bindiga. Dole ya kwaso matarsa Sarah da 'yarsu Queen ya kama ɗaki a cikin Birnin Gwari. Da cikin Sarah ya tsufa, ƙafafunta suka riƙa kumbura, sai ya sa ta a ayarin motocin da sojoji ke rakawa Kaduna, ta je wajen yayarta Comfort, da alkawarin zai biyo ta kafin ta haihu. Ta tafi da Queen. Bayan tafiyarsu aka tare hanya, rakiya ta tsaya, babu wanda ya san ranar da za a sake fita.

Ya zamana Jethro ba shi da wurin zuwa sai shagon Gabriel mai cajin waya, ɗan cocinsu. A nan ya fara ganin abin. Wasu Turawa ne a waya, sanye da kaya masu kauri, suna sulɓi a kan ƙanƙara, suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanduna masu lanƙwasa.

"Sunansa hoki," in ji Gabriel. "Ba ruwanka da wanda zai ci wasan. Tambaya ɗaya ce: wa zai fara zurawa a raga?"

"To ai caca ce."

"Haba Baban Queen, kasuwa ce. Ka sayi 'e' ko ka sayi 'a'a'. Farashi na hawa yana sauka kamar na masara. In ka ga riba ka sayar tun kafin a ci."

Jethro bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta cikin firji ba, sunayen ƙungiyoyin ma ba ya iya faɗa, sai dai ya ce masu ja da masu shuɗi. Amma abin ya kama shi. Hanya jira ce, gona jira ce, haihuwar ma jira ce, duk ba mai gaya maka yaushe. Wannan kuwa kafin ka shanye shayi ka san matsayinka. Da hantsi ya bi wasannin Rasha, da la'asar ya koma na Finland. Wata rana ya samu, wata rana a samu a kansa.

Ranar wata Talata da hantsi ya zuba ɗan abin da ya ajiye na kayan jariri a kan masu ja. Ana fara wasa masu shuɗi suka taso musu kamar an saki karnuka. Farashin abin da ya saya ya yi ƙasa. Yana nan durƙushe kan waya sai ga Abdulkahar direba, maƙwabcinsa, ya shigo yana haki.

"Malam Jethro, tashi! Sojoji sun ce yanzu za a fita. Na riƙe maka kujerar gaba."

"Yanzu yanzu?"

"Motoci sun jeru. Ɗauko jakarka."

Jethro ya dubi wayar. Ana barin gari sabis zai ɗauke har kusa da Buruku, gab da Kaduna.

"Ka je, gani nan bayanka. Bari farashin ya ɗan ɗaga in sayar."

Gabriel ma ya sa baki: "Baban Queen, ka tafi mana. In naka sun ci, abinka na nan yana jiranka."

"In ba su ci ba fa? Da me zan shiga wajen Comfort, hannu rabbana?"

Abdulkahar ya dube shi, ya girgiza kai. "Soja ba ya jiran kowa. Na faɗa maka." Ya fita.

Faifan ya bugi ƙarfen ragar masu ja ya dawo. Jethro ya ƙara matso da wayar kusa da idonsa. Ya kai yatsa zai sayar a kan asara, ya janye. Mai tsaron raga ya kwanta ya tare wani. Daga tasha ana jin hon ɗin motoci, ya ce a ransa ai sai sun gama lodi. Haka aka yi ta yi har aka tafi hutu, babu wanda ya ci.

Sai a lokacin ya zabura. Ya ruga gida ya fizgo jaka, ya tsallake kwata ya nufi tasha. Ya tarar da fili fayau, sai mai kunu tana tattara robobinta.

"Sun wuce shingen sojoji tun ɗazu," ta ce.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. An dawo daga hutu, masu ja ne suka fara ci. Ya tsaya yana kallon saƙon, bai ji wani farin ciki ba.

Ya tafi wajen sojan da ke shinge ya tambayi ranar wata rakiyar. Sojan ya ce sai an ba da umarni daga sama. Wani mai babur ya raɗa masa cewa akwai hanya ta cikin daji, in yana da zuciya. Jethro ya kalli layin itatuwan da ke can bayan gonaki, ya ce a'a.

Da azahar Sarah ta kira.

"Baban Queen, kun kai ina?"

"Ban samu wuri ba, Maman Queen. Mutane sun yi yawa."

Yana jin muryar Queen can nesa tana tambaya ko Baba ne.

"Muslimat matar Abdulkahar ta kira ni da safe," in ji Sarah a hankali. "Ta ce an riƙe maka kujerar gaba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon jakarsa.

"Likita ya ce ba zan kai Lahadi ban haihu ba. Comfort za ta shiga ɗakin haihuwa da ni." Ta kashe wayar.

Bai koma shagon Gabriel ba, bai kuma koma ɗakin ba. Ya zauna a kan bencin 'yan kamasho, jaka a tsakanin ƙafafunsa, yana fuskantar hanyar Kaduna. Ko akuya ba ta wuce ta kanta ba. Da rana ta karkata Gabriel ya turo masa saƙo cewa na Finland sun kusa farawa. Jethro ya kifa wayar a kan cinyarsa. Ya daɗe a haka, hadari na haɗuwa ta wajen daji, sannan ya sake juyo da wayar.