Biyu a Rami

"Wannan ba cirewa ba ce, tsinkewa ce," in ji Baba Biyu. Ya ɗaga tsiron masarar saitin taga. "Ina saiwar? Ka baro ta a ƙasa, jibi ta sake tohowa."

Direba na tsaye bakin gadon da damin tsiro a hammata, taɓo har ƙwauri. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, iyaka ɗaya ta raba gonakinsu, kuma tun da ya ajiye tuƙi ya kama fartanya suke gardama kan abu guda. Tsohon ba ya barin fiye da kara biyu a rami, a nan ya samo sunansa. Direba kuwa duk abin da ya tsiro barinsa yake, wai bai taɓa sauke fasinjan da ya riga ya shiga mota ba.

"Shi ya sa motarka ba ta taɓa hawa tudu ba," haka tsohon ke ba shi amsa.

Bana Baba Biyu ya yi shuka da hannunsa, ya yanke jiki ya faɗi a ƙarshen kunyar ƙarshe. Daga asibiti aka dawo da shi gida da ledar magani, ba a yi wa kowa alkawari ba. Yanzu masarar ta fid da ganye, huɗu-huɗu da biyar-biyar a rami, jiya an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. In aka bari ta ƙara girma, saiwoyin za su sarƙe, ba a raba su sai an ji wa na kirkin ciwo. Daga gonar nan kuma gidan ke ci.

Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, ta ajiye kofin ruwa. "Kawu, ku bar ta yadda take mana. Ita ce shukarsa ta ƙarshe. Abin da ya sa a ƙasa da hannunsa, mu ne za mu bi muna tumɓukewa?"

"Ban mutu ba, ana ta raba mini gona," in ji tsohon. "Auta, na zuba da yawa ne don tsuntsu da ɓera. Ba su ci ba, to sai mu rage. Kai kuma, matso."

Ya kama hannun Direba ya kifa shi a kan bargo, ya ware masa yatsu. "Ka zaɓi biyu masu kauri, ka dafe gindinsu da hagu. Ka ja sauran da dama, a hankali, kamar kana zare ƙaya. Sannan ka danne ƙasar da dunduniya. Kar ka manta dunduniya."

"Na ji, Yaya."

"Ka ji, ko ka ji irin jin direba?"

Direba ya koma gona. Tasa na can hayin iyaka tana jiran noma, bai ko kalle ta ba. Ya durƙusa ya bi kunya-kunya. Masu wucewa suka samu abin yi.

"Direba, yau kai ke sauke fasinja?"

"Motar ba tawa ba ce," ya ce, bai ɗago ba.

Kowace yamma yakan kai dami ɗaki, tsohon ya duba saiwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen kaji. Da aka zo taki, ya hana a watsa. Sai an huda rami da tsinke, tazarar tafin hannu daga kara, a zuba a rufe, don kar rana ta sha shi ko ruwa ya tafi da shi. Ya kuma sa Direba leƙa ƙoƙon ganye da safe, in ya ga ɓarɓashi to tsutsa ta shiga. Direba ya yi ta gunaguni a hanya, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

Rami ɗaya ne ya rage. A inda tsohon ya faɗi, irin da ke hannunsa ya zube wuri guda, ya tsiro cunkus. Auta ta biyo Direba har can ta tsaya a kai.

"Wannan dai, Kawu."

Ya dube ta, ya tsallake.

"Ka gama?" tsohon ya tambaye shi da yamma. Muryar ta riga ta sirance.

"Saura rami ɗaya. Na Auta ne."

Tsohon ya juyo. "Wanda na faɗi a kai?"

"Shi."

"Bar mata. Sauran fa, ka danne?"

"Har dunduniyata ta tsage."

"To ka zama manomi," in ji shi. "A makare."

Ya rasu da hantsi, masara ta kai ƙugu. Direba na gona yana tura wa gindinta ƙasa aka zo aka faɗa masa. Ya jingine fartanya a inda ya tsaya, don ya san inda zai ci gaba, ya wanke hannu a ruwan da ya kwanta a kwari.

Da masarar ta yi goyo, masu babur sukan rage gudu a bakin gonar. Kara ya fi tsayin mutum, ganye kore shar har ƙasa, goyo kamar damtse. Wani baƙo ya tsaya ya tambayi mai ita.

"Ta Baba Biyu ce," in ji Direba.

"Yana ina, in gaishe shi?"

"Ka riga ka gaishe shi."

A ƙarshen kunya cunkuson Auta na nan, sirara, ba su wuce kafaɗarta ba, ba goyo ko ɗaya. Ta share ciyawar da ke kewaye da su tas. Ranar girbi ɗakin ajiya ya cika, har aka kai ragowar buhunan ɗakin tsohon, aka jera su inda gadon yake a da.

Da damina ta dawo, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, Auta ta fito da sassafe duba shukarta. Hayin iyaka ta hango Direba durƙushe a tasa gonar, hannun hagu a gindin tsiro biyu. Ya zare na ukun, ya ɗaga shi ya duba saiwar, ya ajiye a gefe. Sannan ya miƙe ya danna dunduniya a ƙasa.