Baiti na Takwas

A watan Yuni na bara Kawu Selby Hann ya aiko a kira ni. Na tafi ina shirya amsa a zuciyata, don na zaci ƙorafin motocin baƙi ne da ke toshe masa ƙofa duk lokacin bikin kiɗa. Shekara tara ke nan ina jagorantar mawaƙan garinmu Gannet Arm, kuma tun da aka fara bikin bazara, duk wanda aka taka wa fure ni yake nema, sai ka ce ni na haifi baƙin.

Na same shi a kicin ya ɗora butar shayi. Tun da aka yi masa aiki a maƙogwaro muryarsa ta koma raɗa, kuma kowa a gari ya san abin da likita ya ce: da wuya ya ga wata bazarar.

"Zauna, Melvina. Ba a kan wannan kujerar ba, ƙafarta ɗaya ta mutu tun kafin a haife ki."

Ya turo mini burodi da maɗi, ya jira na kai loma baki don kada in katse shi, sannan ya ce, "Waƙar Leander nake so ki karɓa."

Leander shi ne ɗansa tilo. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, cikin iskar Nuwamba, teku ya cinye shi tare da Wince Pardy, kowa a jirginsa. Maganar da ta zauna a gari ita ce Leander mai taurin kai ne, shi ya zuga Wince suka fita ɗauko taru alhali kowa ya ɗaure jirginsa. Ba wanda ya taɓa faɗa a gaban Kawu, amma a bayan idonsa har yara sun haddace. Kawu ya yi wa ɗansa waƙa, sai dai duk kicin ɗin da ya ɗauko ta, kafin ya kai rabi wannan ya tuna bai ƙara ice a murhu ba, wancan ya tuna karensa na waje. Ni ma ban taɓa jin ƙarshenta ba.

Ya kama wuyan hannuna kamar yadda tsofaffinmu ke yi in za su yi waƙa, ya rufe ido, ya raɗa mini ita. Baiti bakwai na farko layi hurhuɗu ne, tsaf da su: fitar jirage, tashin iska, mata a kan tudu suna leƙe. Na bakwai ya ƙare da cewa da gari ya waye teku ya kwanta, kamar bai taɓa cin kowa ba. Sai na takwas, dogo, karkatacce, wani layin ya ninka ɗan'uwansa. A cikinsa Kawu ya faɗi yadda ya tsinci ɗansa shi kaɗai rana ta uku a tsakanin duwatsu, da igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗaya bakin igiyar kuma da zoben ƙarfe na goshin jirgin Wince. Ya kwance igiyar don ya kasa kai wa uwa ɗanta a ɗaure, ya goyo shi zuwa gida. Layin ƙarshe bai rera ba, faɗarsa ya yi da baki yadda aka saba rufe waƙa a nan: "Leander Hann. Ɗauko ɗan'uwansa ya je yi."

Na ɗauki kofina. Shayina ya huce ban sani ba.

"Injin Wince ne ya mutu," in ji shi. "Yarona bin sa ya yi. Igiyar na nan a rumfa."

"Kawu, me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"In tsaya gaban Dorcas matar Wince da marayu uku in ce mijinta ne ya jawo? Baki ba ya iya wannan. Waƙa ce ke iyawa, ita ma sai an zauna an ji." Ya ƙara matse mini hannu. "Ranar Asabar ta biki nake so, a coci, lokacin da 'yan garinmu masu ci-rani a Alberta duk sun dawo. Kuma duka za ki rera, 'yata. Har ƙarshe."

"Haba Kawu, ai ka san ni."

Wata guda na yi a kanta. Na raba ta murya huɗu, na rubuta wa masu goge huɗu nasu rabon. Gara in faɗi gaskiya a nan: shekara biyu na yi ina karatun kiɗa a birnin Halifax kafin ciwon mahaifiyata ya dawo da ni, kuma waɗannan shekaru biyun ban taɓa sauke su daga kaina ba. Duk bazara masu gogen nan suna zuwa daga Montreal, su kwana a gidajenmu, su ci kifinmu, su yi mako suna kaɗa mana tsofaffin kiɗan Turai, ranar ƙarshe kuma mu haɗu da su. Shugabarsu Odile mace ce mai kirki, amma in ta ɗaga gira ɗaya sai in ji na koma 'yar aji ɗaya.

Ranar Alhamis muka yi gwaji tare a coci. Baiti bakwai suka tafi sumul. A ƙarshen na bakwai babban goge ya riƙe murya ɗaya can ƙasa, mawaƙa suka sauko a kanta a hankali, har Effie mai gidan waya, wadda ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba, ta fyace hanci. Da muka shiga na takwas sai komai ya watse. Maza suka riga mata, masu goge suka kai ƙarshen layi mu muna tsakiya. Sau huɗu muna maimaitawa.

Odile ta sauke gogenta tana dariya. "Melvina, taimake ni. Ina zan sa ƙafata a nan? Layin nan ba ya ƙirguwa."

Mai babban goge ya duba agogo, ya ce shirin ya riga ya yi tsawo, ga masu kama jirgin fito na ƙarfe bakwai.

"Amma na bakwai ɗin nan," in ji Odile, "irin ƙarshen da mutum ke nema duk rayuwarsa ne. Ke kika rubuta wannan?"

Ba ta ce a cire komai ba. Ni ce na ji yabon ya ratsa ni har tafin ƙafa, na kuma ji kunyar baitin nan mai ɗingishi, kamar dangi ya zo maka da kayan aiki a gaban baƙi. Da bakina na ce, "Mu tsaya a na bakwai." Daga baya da na ba Odile labari, dafe kai ta yi ta ce da na gaya mata, da sun ajiye goge kawai sun bar mu mun rera shi yadda ya zo. Ko minti biyu ba zai ci ba.

Lokacin shan shayi Effie ta tare ni a bayan bagade.

"Kin gaya wa Kawu?"

"Zan gaya masa."

"Yaushe? Ranar ƙiyama?"

"Effie, ke dai ji da muryarki. Kina zamewa ƙasa a baiti na uku."

"Ni ina zamewa ƙasa, ke kina hawa sama, malamar Halifax. Kin san tsohon nan gida-gida yake bi da sanda yana gayyatar mutane? Har ƙofar Dorcas ya ƙwanƙwasa, shekara talatin rabonsa da ita."

Ranar Juma'a na tafi in gaya masa, har na dafa ƙyauren shingensa. Sai na ga baƙar kwat ɗinsa rataye a igiyar shanya tana shan iska, takalmansa kuma a bakin ƙofa sun sha goga suna ƙyalli. Na tsaya ina kallonsu. Na ce wa kaina ba zai lura ba cikin daɗin kiɗa, na ce wa kaina gobe da safe ma rana ce, na juya na koma gida. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Asabar ƙarfe biyar coci ya cika har ƙofa, an buɗe tagogi ana jin ƙarar ruwa. Kawu na layin farko da kwat ɗinsa, hula a kan gwiwa. Dorcas na layi na uku tsakanin 'ya'yanta maza biyu da suka zo daga Alberta. Masu goge suka yi kusan awa ɗaya suna nasu kiɗan, Kawu ya zauna ƙyam bai ko jingina ba. Sannan mawaƙa suka hau, muka yi waƙoƙin jan taru biyu da ta rawar aure, mutane na buga ƙafa. Na juya na ce ta ƙarshe Kawu Selby ne ya yi ta, na ga kawuna sun sunkuya nan da can, amma yau babu murhun da za a je dubawa.

Ban taɓa jin mawaƙana haka ba, kuma ba na jin zan ƙara. Effie ma ba ta zame ba. Muka kai na bakwai, teku ya kwanta, babban goge ya riƙe muryarsa har ta ɓace, na sauke hannuwana. Coci ya yi tsit. A cikin wannan shirun, a bayana kaɗan, na ji Kawu ya ja numfashi, irin wanda mawaƙi ke ja kafin ya shiga baiti na gaba.

Sai tafi ya ɓarke.

Mutane suka miƙe tsaye. Odile ta jawo ni muka rusuna, sannan ta nuna Kawu da sandar gogenta, tafi ya ƙaru. Wani ya kama shi ya miƙar da shi tsaye. Ya juya ya dubi jama'a, bakinsa na motsi, amma wa zai ji raɗa a cikin wannan hayaniya? Daga nan ya rusuna musu, yadda ya ga mun yi.

Na so in fita ta ƙofar baya. Effie ta tsaya a gabanta da hannu a ƙugu, don haka na bi ta gaba. Kawu na kan matakala yana laluben sandarsa, Dorcas ta riga ni isa wurinsa, idanunta jawur. Ta kama hannunsa da nata biyu.

"Selby, ka sa ni kuka. Na gode da ka gayyace ni." Ta share ido. "Ka kwantar da hankalinka. Mu dai mun daɗe da yafe wa Leander."

Ina tsaye taku biyu daga gare su, da baki a fuskata, da baitin nan kaf a kaina. Babban ɗanta ya ce, "Mama, jirgin fito zai tashi, zo ki raka mu," suka sauka da ita. Na bar ta ta tafi ban gaya mata ba.

Kawu ya sa hularsa. Bai yi mini kallon fushi ba, da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Kawu, baitin ne ya ƙi zama da kiɗan. Baɗi za mu yi ta duka, na rantse."

"Baɗi," in ji shi, kamar sunan wani gari da ya taɓa ji. A watan Fabrairu muka binne shi kusa da ɗansa, Dorcas kuma tun kaka ta bi 'ya'yanta Alberta.

Ya kama wuyan hannuna, daidai inda ya kama a kicin, ya jawo ni kusa don in ji.

"Ta yi daɗi, 'yata. Ban san tana da daɗi haka ba." Ya huta, ya haɗiye da ƙyar. "Sai dai kin bar mini shi a cikin ruwa."