Shatin Yatsu Huɗu a Hannun Ɗigo

Ranar Asabar da safe ina shafa wa Ɗigo mai bayan wanka na ga abin. Na ɗaga hannunta na hagu, sai ga shatin yatsu huɗu a wuyan hannun, baƙi ƙirin, a jere kamar an zana da biro. Kusa da na ukun akwai 'yar ƙujewa da ta fara bushewa. Kwalbar man ta suɓuce mini ta gangara ƙarƙashin gado, ban ma bi ta kanta ba.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ba kowa, Mama."

"Ba kowa ne yake da yatsu? Dube ni nan. Wa ya riƙe ki?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tawul. Shekararta bakwai. Ɗigo muke kiranta saboda da aka haife ta ba ta kai kilo biyu ba, sai da ta yi sati uku a kwalba. Tana da shekara uku kuma babur ya taɓa kwashe ta a gabana, a babban titin da ke bayan gidanmu. Ta tashi da ɗinki biyar a goshi, ni kuwa har yau in na ji ƙarar birki sai na waiga ina nemanta.

Na ɗauki hoton hannun a waya na tura wa babanta, wanda yake wurin aikin haɗa wayar lantarki a wani sabon gini. Nan take ya kira.

"Maman Ɗigo, judo fa take yi, ba rawa ba. Dole a ɗan taɓa juna."

"Ka ga hoton kuwa?"

"Na gani. Ki bari in dawo mu je tare, kar ki je ki cinye matar mutane ɗanya."

Shi ne ya sa ta a kokawar judon nan wata huɗu da suka wuce, wai ta cika tsoro, ko ƙadangare ta gani sai ta hau kujera. Ni tun farko ban so ba. Yarinyar da na raina da cokalin shayi, a ce a kai ta inda ake ɗaga mutum a buga da ƙasa? Ban jira shi ba. Na yagi takarda na rubuta wa manajan ɗakin wasannin ƙorafi, layi goma sha biyu, na ce na cire 'yata, kuma a binciki matar da ke koya musu. Na ninke na sa a jaka.

Ɗigo ta sa fararen kayanta, ta ɗaure bel ɗinta da kanta, tana ta satar kallona. Ban gaya mata cewa yau ce ranarta ta ƙarshe ba.

Kafin a kai ɗakin wasannin sai an tsallaka wancan titin, layi biyu zuwa, layi biyu dawowa, babu fitila, babu gada. Kullum muna tsallaka shi, safe da rana, saboda makarantarsu ma tana can hayin. Na kama hannunta kamar yadda na saba, na tsaya ina lissafin motoci. Sai na ji ta ɗan bubbuga bayan hannuna sau biyu.

"Bari wasa, muna kan titi," na ce, ban ko dube ta ba.

Ɗakin dogo ne mai rufin kwano, an shimfiɗa katifun roba shuɗɗa daga bango zuwa bango, takalma a jere a bakin ƙofa. Yara kusan ashirin. Mai koyar da su, wadda suke kira Anti Koci, gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. Na zauna a benci na ce bari in fara gani da idona.

Ba a daɗe ba aka haɗa Ɗigo da wata ƙatuwar yarinya da suke kira Tanka. Sunan ya dace da ita. Kafin in ƙifta ido ta kai 'yata ƙasa ta danne ta, kan Ɗigo ya ɓace a ƙarƙashin hammatarta. Na miƙe tsaye. Sai na ga ɗan hannun Ɗigo ya fito ya bugi bayan Tanka sau biyu, ita kuwa ta sake ta nan take kamar ta taɓa wuta, har da miƙa mata hannu ta tashe ta. Suka yi dariya.

Ni dai ban ga abin dariya ba. Na taka katifar da takalmina.

"Maman Ɗigo, takalmi, don Allah," in ji Koci.

"Takalmi ne damuwarki? Dubi nan." Na janye hannun rigar Ɗigo na nuna mata. "Amana na kawo miki, ba buhun siminti ba. Waccan ce ta yi mata, ko ke?"

Koci ta dubi hannun, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Wannan ya ƙara tunzura ni.

"Tanka, zo. Ɗora yatsunki a nan."

Yarinyar ta ɗora. Duk girmanta, yatsunta ba su kai rabin shatin ba.

"Mu nan riga muke kamawa," in ji Koci, "hannun riga da wuyan riga. Ba na bari yaro ya kama fatar ɗan'uwansa." Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ni ma na ɗauki hoton hannun nan, sati biyu ke nan. Na tambaye ta, ta ce ba kowa. Ina ta neman yadda zan fara yi miki maganar. Wa ke kula da ita a gida in kina wurin aiki?"

Wato ni take tuhuma? Ni da gidana? Ni da ko sauro ba na bari ya sauka a kanta?

"Lallai ma ba ki da kunya," na ce. "Ɗigo, ɗauko takalminki. Mun gama da wurin nan."

Na cafki hannunta na nufi ƙofa. Ta turje, na ja. Sai na ji bugun nan a bayan hannuna, sau biyu. Na ci gaba da tafiya. Ta sake bugawa, sau biyu.

Duk yaran sun daina abin da suke yi. Sai Tanka ta ƙwalla da iyakar muryarta:

"Anti, ta buga! Ta buga fa! Ki saki!"

Wasu ma suka ɗauka: "Ta buga! A saki!" Fuskokinsu a firgice, kamar sun ga babba yana tsallake ɗan da ya faɗi a hanya.

Na duba ƙasa. Yatsuna huɗu suna kwance daidai kan shatin nan huɗu, babu wanda ya kauce ko da gashin kai. Zoben aurena, wanda ya yi mini yawa yake juyawa ciki, bakinsa yana zaune a kan ƙujewar.

A gidan burodi nake aiki. Shekara shida ina murza kwaɓi tun kafin mu sami inji, har abokan aikina suna tsokanata wai in na gaisa da mutum sai ya ƙirga yatsunsa. Ban taɓa kawo wa raina cewa hannun da nake matse kwaɓi da shi, shi ne nake riƙe 'yata da shi kullum a titi ba.

Ban san lokacin da na saki ba. Na zauna a katifar, da takalmin nawa da komai.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Kullum ina bugawa a titi," in ji Ɗigo. "Anti Koci ta ce in abu ya yi zafi ba a jurewa, ba a kuka, bugawa ake yi. Kuma duk wanda aka buga wa sai ya saki, ko shi ke cin wasan."

"To me ya hana ki buɗe baki ki gaya mini?"

"Kin ce a titi ba a magana, kina sauraren motoci."

"Da safe fa, da na tambaye ki?"

Ta taɓa tabon goshinta. "Don kar ki yi kuka irin na ranar babur."

Ashe tana tunawa. Ni da nake zaton ta yi ƙanƙanta.

Koci ta tafa hannu ta kora yaran can ƙarshen ɗakin, ta durƙusa kusa da ni. Na kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe ni," na ce. "Na zo da takarda a kanki. Tana cikin jaka."

"Ni ma na zarge ki da abin da ya fi wannan muni, mun yi canjaras. Ai gara da ya zama tsoro ne ya riƙe ta." Ta juya. "Ɗigo, zo ki nuna wa Mama yadda muke kama riga."

'Yata ta kama hannuna ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta tattaro yadin hannun rigarta daga ƙasan gwiwar hannu ta cusa mini, ta ce in naɗe da ƙaramin yatsa tukuna, sauran su biyo baya.

"To, Ɗigo, ƙwace," in ji Koci.

Ta fizga, ta juya, ta zauna da duk nauyinta. Ba ta ƙwace ba. Kuma ko fatarta ban taɓa ba.

"Kin gani? Ya fi naki riƙon ƙarfi ma. Yanzu don Allah, takalmin nan."

Na cire su na kai bakin ƙofa, na koma benci. Ɗigo ta tsaya tana kallona, tana jira ta ji ko tafiya za mu yi. Na nuna mata katifar da haɓa. Ta ruga. Sau uku Tanka ta kayar da ita kafin a tashi, sau ukun ina riƙe da bakin benci, amma ban miƙe ba.

A hanyar gida muka tsaya a bakin titin. Hannuna ya tafi wuyan hannunta da kansa, sai da na dawo da shi na kama rigar. Wata tirela ta wuce da iskarta, babura biyu suka bi bayanta. Muka tsallaka layin farko, muka tsaya a tsakiya, muka ƙarasa. Muna hawa gefen hanya ta bugi hannuna sau biyu.

Na ji. Na dubi titin a bayanmu, na dubi ƙofar gidanmu da ke can gaba, sannan na saki.

"Kin makara kaɗan," in ji Ɗigo, tana gyara bel ɗinta. "Amma kin fi ɗazu."

Wayata ta yi ƙara a jaka, kusa da takardar. Babanta ne.

"Yaya, matar mutane tana da rai?"

"Tana nan lafiya," na ce. "In ka taso, ka biya ta wurin maƙerin zinariya ka tambaya ko yana rage zobe."