Layin Teloli Bayan Hukuncin Kotu

Uwar Layi tana durƙushe a falonta tana yanka yadi lokacin da aka faɗi labarin a rediyo. Kotu ta sauke magajin gari daga kujerarsa, ta ce zaɓen da ya kawo shi bai inganta ba, kuma shugaban kansiloli zai riƙe birnin kafin a san abin yi. Almakashin ya zame mata, ya ci hannun rigar mutane.

Ita ce shugabar telolin babbar kasuwa, shi ya sa ake ce mata Uwar Layi. Watannin baya magajin garin ya zo da kansa, ya ce a rushe tsofaffin shagunansu masu yoyo, zai gina musu sababbi da wuta da banɗaki, kowa ya koma gurbinsa kafin damina. Teloli suka ƙi. Ita ta bi su shago-shago tana lallashi, har ta dafa ƙirji ta ce in abin ya ɓaci a kama ta. Aka rushe layin, kowa ya kwashe kekensa ya kai gida, masu kawo ɗinki suka watse.

Ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Ta tarar ɗan kwangila yana loda injin kwaɓa siminti a mota, ginin kuwa ko gwiwarta bai kai ba, sai rodi tsaye kamar karan da aka girbe.

"Injiniya, ina za ka kai kayan?"

"Hajiya, wanda ya ba ni aiki yau ba shi da aiki. In zauna in yi gadin rodi?"

Teloli sun riga ta zuwa. Ba wanda ya gaishe ta. Baba Mai Maɓalli, tsohon da ya fi kowa daɗewa a layin yana sayar da zare da maɓalli, shi ne ya matso yana dogara sanda.

"'Yar nan, na ce miki a bar mu da yoyonmu, mun saba da ajiye bokiti. Yanzu ga shi an gyara mana rufin gaba ɗaya, sama ce rufinmu."

Wasu suka yi dariyar da ba daɗi a cikinta. Wata matashiya mai goyo ta ce maigidan haya ya hana ta taka keke a ɗaki, wai tana fasa masa daɓe, ta kai keken gidan yayarta, can ma mijin yayar ya fara tsaki. Ta ce, "Ke kika ce a kama ki, Mama. To ga mu, mun kama ki."

Uwar Layi ta ce su ba ta lokaci, za ta je ta dawo da magana.

Bayan 'yan kwanaki ta je ofishin birni, ta tarar an riga an sauke hoton magajin gari daga bango, sai ƙusar da tabon inda ya zauna. Masinjan da a da yake rugowa ya karɓi jakarta ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ta zauna a benci har ƙafafunta suka kumbura kafin a shigar da ita wurin shugaban kansilolin, wanda yanzu kowa ke kira Mai Riƙo.

Bai ce ta zauna ba. Ya ce, "Ba ke ce ta hannun damansa a kasuwa ba? Na ga hotonku, har da tafi kike yi."

"Ranka ya daɗe, ni tela ce. Shago nake nema wa mutanena, ba kujera ba."

"Aikin nan nasa ne, kuma duk aikinsa za a bincika. Akwai ma masu ganin filin ya fi dacewa da tashar mota." Ya juya kujerarsa yana kallonta. "Amma in mutanen gari suka ji daga bakinki a rediyo cewa yaudararku ya yi, to kin nuna mana inda kika tsaya. Sai mu san yadda za mu yi da ku."

Daga nan ta wuce gidan magajin garin. Ƙofar da a da sai an ture mutane ake shiga, yau ba kowa sai mai gadi yana gyangyaɗi. Ta same shi a falo da rigar barci, waya a kowane hannu, ya rame a 'yan kwanakin nan kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Uwar Layi! Ke kaɗai ce 'yar halak, duk sun gudu. Zauna, zauna."

"Yallaɓai, ɗan kwangila ya kwashe kayansa."

"Zai dawo. Na ɗaukaka ƙara, ina komawa kujerata ginin zai tashi. Abin da nake so, ki tara mini matanki ranar zaman kotu, su cika bakin ƙofa, alƙalai su ga jama'a na tare da ni."

"Yaushe za a yi zaman?"

Ya kau da kai. Ya ce lauyoyi sun ce wataƙila bayan damina, wataƙila baɗi.

Ta fito ta kama hanyar gida. A gida ta kasa cin abinci. 'Yarta, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta zauna kusa da ita tana matsa mata ƙafa.

"Umma, kada ki shiga rediyon nan. Mai Riƙon nan bai yi miki alkawarin komai ba, cewa kawai ya yi za su san yadda za su yi."

"Magajin gari kuma ya ce in jira baɗi. Mai goyon nan za ta kai baɗi? Wanda ke kan kujera shi ke da filin, ni kuma bakina kaɗai ya rage mini in sayar."

Washegari ta shiga gidan rediyo. Ta ce magajin gari ya yaudare su, ya rushe musu abinci ya bar su a rana. Ta faɗi haka alhali ta san mutumin da gaske yake son gina shagunan. Kafin ta iso gida yaran magajin gari sun rotsa mata gilashin taga, sun rubuta mata maciya amana a jikin ƙofa da gawayi. Ta kira ofishin Mai Riƙo, aka ce yana taro. Ta sake kira, aka ce ya yi tafiya. Da ta je da kanta, masinja ya ce an hana shi shigar da ita, wai wadda ta juya wa ubangidanta baya ba abin yarda ba ce.

Ba a yi mako ba aka fara kafa langa-langa a kewayen filin, da allon da ke cewa za a yi tashar mota.

Ranar ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kira mai kura ya ɗora kekenta, ta bi shi a ƙasa har kasuwa, ta shiga ta inda ba a gama toshewa ba. Ta nemi daidai inda shagonta yake a da, ta share tsakuwa da ƙafa, ta kafa keken tsakanin rodi, ta zauna ta fara ɗinki cikin rana. Masu kafa langa-langa suka tsaya suna kallonta.

Baba Mai Maɓalli ne ya fara biyo ta, da tirensa a ka. Ya ce, "Haukar taki ce ta kawo mu nan, bari mu bi ta har ƙarshe." Kafin la'asar kekuna sun cika filin, mai goyo ma ta zo da nata.

'Yan sanda suka iso, babbansu ya ce su tashi. Uwar Layi ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. Ta ce, "Ɗana, in za ka ɗauke ni, ka haɗa da keken, don a gida ma ba mu da wurin zama." Ya yi waya ofishin birni, can suka ce a jira, Mai Riƙo ba ya son hoton 'yan sanda na jan tsofaffi yana sabon hawa. Suka koma mota suka zauna.

Haka aka bar su, ba a kore su ba, ba a kuma gina komai ba. Shari'a ta yi ta tafiya, ana ɗagewa. Damina ta same su ƙarƙashin tamfol, ruwa na bi ta ƙarƙashin kekuna, tsatsa na cin ƙafafunsu. Wasu suka gaji suka sayar da nasu, mai goyo ta koma wankau a gidajen mutane. Waɗanda suka rage har yanzu ba su daina jin haushin Uwar Layi ba, amma duk safiyar da aka ga motar gwamnati ta tsaya a bakin filin, bayanta suke taruwa, ita kuma ta miƙe da ƙyar ta je ta ji da me aka zo.