Ranar da Na Hana Firinta Takarda

Sana'ata daskararren kifi. Ɗakin sanyi ɗaya gare ni mai ƙofar ƙarfe, sai ɗan ofis a gefensa wanda in mutum uku suka shiga, dole ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. A ofishin akwai tebur da kwamfuta da firinta. Kwamfutar ba ni na nema ba. Hukuma ce ta ce duk mai ɗakin sanyi sai ya ajiye shaidar sanyin ɗakinsa. 'Yata ta fari, wadda muke ce wa Injiniya, ta zo hutu ta haɗa mini ita da wata waya da ke shiga cikin ɗakin, ta koma garin da take aiki. Tun daga nan allo ke nuna sanyi, firinta kuma duk awa ta tofo takarda ɗaya.

Ranar Talata wajen ƙarfe biyu na rana mai duba ɗakunan sanyi daga hukuma ya zo, wani siririn mutum da jaka a hammata. Muka gaisa, ya ƙi zama, ya leƙa allo.

"Maigida, huɗu ƙasa da sifili nake gani."

"To?"

"Tun ƙarfe tara na safe kuma haka yake, awa biyar ke nan. Doka ta ce in sanyi ya gaza goma har awa biyu, kifin na rami ne."

Katan ɗari biyu da arba'in aka sauke mini a safiyar nan. Na ja shi har cikin ɗakin, na ɗauko kifi ɗaya na buga a bango, ya yi ƙara kamar guduma.

"Wannan ne na rami, Malam?"

Ya zaro nasa ma'aunin ya soka tsakanin katan. Goma sha tara. Ya ɗaga kafaɗa.

"Yanzu kam da sanyi. Wa ya sani ko da ka hango ni ka kunna injin? Kifin da ya narke ya sake daskarewa ma haka yake ƙara. Ina takardun awa-awa?"

Babu. Da safe ruwa ya ɗiga daga katan har cikin ofis, ni da hannuna na kwashe takardun firinta na shimfiɗa a ƙasa. Na ƙwala wa ƙanena Auta kira, shi ke tuƙa mini mota, na ce ya ruga ya sayo takarda. Sannan na durƙusa na kama wayar wuta. Ni dai abin da na sani, in na'ura ta yi gardama a kashe ta a kunna. Har na ja rabi sai na ce bari in kira mai abin, kada gobe a ce ni na lalata.

Na kira Injiniya na faɗa mata komai. Ta ce, "Baba, ina hannunka yake?"

"A jikina."

"Cire shi daga wayar wuta."

"Wa ya ce miki..."

"Shekara talatin nake 'yarka. Cire."

Na cire. Ta ce in ɗaga muryar wayar mai duba ma ya ji. Ta tambaya ko firinta ta fitar da takardar ƙarfe tara. Na ce takarda ta ƙare. Ban faɗi yadda ta ƙare ba, mai duba kuwa ya dubi ƙasa ya dube ni.

"Alhamdulillahi," in ji ta.

"Kifina za a binne kina godiya?"

"Saurara, Baba. A cikin kwamfutar akwai wani babba mai rabon wurin rubutu, shafi-shafi. Manhajar da ke nuna maka sanyi ta karɓi shafi ɗaya a wurinsa, ta ce a kafe shi kada a motsa, don katin da ke auna sanyi nan kaɗai ya sani, nan yake zuwa duk minti ya rubuta."

"Na ji."

"Duk awa manhajar tana haifar ɗa, ta aike shi ya buga takarda."

"Haihuwa kuma? Shekara guda tana haihuwa a ofishina ban sani ba?"

Mai duba ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Haka muke faɗa, uwa da ɗa. To babban nan yana da ƙiwar kwafi. In an haifi ɗa ba ya ba shi nasa shafin, sai ya ce ku karanta ɗaya tare. Sai in ɗayansu ya ɗauki alƙalami zai yi rubutu, sannan ya kwafa ya miƙa wa mai rubutun sabo."

"Wannan ai dabara ce. Ni ma haka zan yi."

"Dabara ce. Kullum ɗan yana gama aikinsa cikin ƙiftawar ido ya tafi, uwa ta ci gaba da shafinta. Yau ya je ya tarar babu takarda, ya tsaya jira. Yana tsaye uwar ta zo sa wata 'yar alama a shafin, babban ya ce tsaya, ku biyu ne, ga kwafi. Ya ba uwa sabo, ya bar ɗa da na asali."

"Shi katin fa?"

"Ba wanda ya gaya masa. Yana can yana zuba rubutu a tsohon shafi. Uwar kuwa kwafin ƙarfe tara take ta maimaita maka, lokacin da ƙofa ke buɗe kuna sauke kaya."

Na zauna. Wato gaskiyata tana hannun wani jariri da ke tsaye a layin firinta tun safe.

"In ka kashe, ta tafi," in ji Injiniya. "In kuma aka sa takarda, ɗan zai buga lissafin ƙarfe tara da ya riga ya shirya, ya sallama, shafin ya fita daga hannun kowa. Kada a sa takarda, Baba. Ko guda."

Na ce wa mai duba, tunda shi ya yi karatu, ya zauna ya danna abin da za ta faɗa. Ya rungume jakarsa.

"Ba na taɓa na'urar wanda nake dubawa. Zan jira minti talatin, ina da wasu ɗakunan."

Ta turo mini hoton rubutun da zan danna, layi uku, duk ƙananan baƙaƙe da sanduna da ɗigo. Ni aji huɗu na yi a makaranta, shi ma rabinsa a bakin kasuwa. Na sa gilashi, na miƙe yatsa ɗaya.

"Akwai wata sanda a tsaye."

"Karkatacciya ko miƙaƙƙiya?"

"Ta ɗan jingina."

"Hagu ko dama?"

"Hagun wa? Nawa ko nata?"

"Baba!"

"Ke kika ce in yi tambaya in ban gane ba."

Layin farko ya ci mini minti goma sha ɗaya. Ya fito da lambobi biyu, ta ce ta ƙasa ita ce ɗan, in rubuta ta a tafin hannu. A layi na biyu na danna babban baƙi a wurin ƙarami, kwamfutar ta mayar mini da magana mai tsawo. Mai duba ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ta ce ba ta san wannan ba."

"Ni ma ban san ta ba, Malam, ga shi muna aiki tare."

Na sake daga farko. Gumi na ɗiga daga haɓata, ni da ke da ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a layin nan. Ina tsakiyar layi na uku na ji ƙarar yage leda a bayana. Ban kula ba. Sai na ji an ja aljihun firinta.

Ban san na iya tsalle ba sai ranar. Kujera ta kife, gwiwata ta bugi tebur, na damƙe hannun Auta da takardu a ciki, saura kamar faɗin yatsa su shiga.

"Yaya, lafiya? Kai ka aike ni!"

"Na fasa."

"Har shago uku na zaga a rana!"

"Ka kyauta. Fita da su."

"To in ajiye a kanta kawai..."

"Auta, in takardar nan ta ko shinshina firintar nan, kai za ka cinye katan ɗari biyu da arba'in."

Daga waya Injiniya ta ce, "Baba Ƙarami, ina wuni? Don Allah riƙe su a waje." Ya fita yana gunaguni, wai gidan nan uba da 'ya duk kansu ɗaya. Mai duba ya tayar mini da kujera, ya dubi agogonsa, ya ce saura minti shida.

Na ƙarasa layin, na danna babban maɓalli. Allo ya cika da lambobi jere-jere, kowanne da lokacinsa. Mai duba ya ajiye jakarsa a karon farko. Ya sa biro a kan allo yana bi. Tara da kwata, goma sha ɗaya. Tara da rabi, goma sha shida. Daga goma zuwa sha biyu, sha tara, sha tara, ashirin. Na fara gyara hula.

Biron ya tsaya.

"Sha biyu da minti goma zuwa sha biyu da arba'in, ya koma takwas. Wa ya bar ƙofa buɗe?"

Na ce ni ina banki a lokacin. Muka juya tare. Auta na bakin ƙofa rungume da takardu, yana kallon rufi.

"Zafi ne, Yaya. Na ɗan sa kujera a bakin ƙofar. Iskar ce kawai."

"Kifina kake yi wa fanka?"

"Shi yake mini."

Mai duba ya yi dariyar da ya daɗe yana riƙewa. Ya ce minti talatin bai kai awa biyu ba, amma katan huɗun da ke daf da ƙofa zai buɗe su da kansa. Ya buɗe, ya danna, ya shinshina, ya ware ɗaya da ya yi laushi a gefe ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Tunda ba damar bugawa, ya ɗauki hoton allon da wayarsa har sau biyar, ya cika takardarsa da hannu, ya buga hatimi.

Da ya tafi na tambayi Injiniya ko haka za mu riƙa yi. Ta ce a'a, babban da ke cikin kwamfutata tsoho ne, za ta sa mini sabo ranar Asabar. Shi in ya ga shafin da aka kafe ba ya jira, tun a wurin haihuwa yake kwafa ya ba ɗan, ya bar wa uwa na asali.

"Wato sai da aka yi shekaru kafin masu karatu su gane ba a ƙwace wa uwa kayanta a ba jariri?"

"Kusan haka, Baba."

"Da an tambaye ni."

Na ce wa Auta ya ɗauki katan ɗin da aka ware ya kai gidansa, matarsa ta soya duka yau, ya kuma yi mata bayanin inda ya samo shi. Ya ɗora a kai ya nufi mota, ruwa na ɗiga masa a wuya.